Yadda ake jinyar kyanwa mai gazawar zuciya a gida

Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Kare idan zuciyarsa ta fara gazawa yakan yi ta tari har kowa a gidan ya ji, amma ita kyanwa ba kasafai ciwon zuciya yake sa ta tari ba. Sai dai ta rage wasa, ta yawaita kwanciya, ta koma ƙarƙashin gado ko bayan randa, masu gida kuma su ɗauka tsufa ne ko ƙyuya. Sau da yawa ranar da ake ankara ita ce ranar da za a tarar da ita a durƙushe, haƙarƙarinta na hawa da sauka, tana neman iska da ƙyar. Idan Allah ya sa aka kai ta wurin likitan dabbobi da wuri, ya rage ruwan da ya taru a ƙirjinta, ya sallame ta da magunguna, to daga nan nauyin ya dawo kan mai ita. Likita zai riƙa ganinta ne bayan makonni, na ɗan lokaci, kuma tana cikin firgici saboda baƙon wuri. Mai gida shi ne yake ganinta tana barci, kuma a cikin barcin nan ne ake fara gane ko ruwa yana dawowa.

Abin da ke faruwa a cikin ƙirjinta

Ciwon zuciyar da ya fi yawa a kyanwoyi shi ne kaurin naman zuciya. Bangon ɗakin zuciya na ƙasa a ɓangaren hagu yakan yi kauri ya sandare, sai cikin ɗakin ya matse, ya kasa buɗewa sosai ya karɓi jini. Jinin da bai sami shiga ba yakan taru a ɗakin sama har ɗakin ya faɗaɗa, daga nan matsin ya koma baya zuwa huhu, ruwa ya riƙa tsattsafowa daga jijiyoyi zuwa cikin huhun ko kuma ya kwanta a kewayensa ya hana shi buɗewa. Wannan shi ake nufi da gazawar zuciya. Akwai kuma haɗari na biyu da yake tafiya tare da na farko: jinin da ke jinkiri a faɗaɗɗen ɗakin nan yana iya daskarewa ya zama guda, gudan kuma ya ɓalle ya toshe jijiya. Kusan kyanwa ɗaya cikin bakwai tana ɗauke da wannan kauri, kodayake mafi yawansu sukan ƙare rayuwarsu ba tare da ya kai su ga gazawa ba. An san ana gadonsa a wasu irin kyanwoyi na ƙasashen waje, kamar Maine Coon da Ragdoll, amma kyanwar gida ta yau da kullum ma tana kamuwa, kuma ya fi yawa a maza.

Akwai wani nau'in da ya kamata masu kyanwa a ƙasar Hausa su san da shi, wato wanda zuciya take saki ta buɗe kamar tsohuwar jaka, ta rasa ƙarfin matsa jini. A shekarar 1987 Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka gano cewa ƙarancin wani sinadari mai suna torin ne yake jawo shi a yawancin kyanwoyi. Jikin kyanwa ba ya iya haɗa isasshen torin da kansa, a nama da kifi take samunsa. Tun da kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara shi a kayansu ciwon ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasashen da ake ciyar da abincin kanti, amma kyanwar da aka tsare a ɗaki ana ba ta ragowar tuwo da shinkafa da burodi, ba ta farautar ɓera, ba ta samun nama, tana cikin haɗarinsa har yanzu. A tsofaffin kyanwoyi kuma hawan jini da yawan aikin ƙululun tayirod da ke wuya suna iya gajiyar da zuciya.

Amfanin sanin wannan bambanci shi ne, kaurin naman zuciya ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi, alhali wanda ƙarancin torin ko ciwon tayirod ya jawo yana iya yin sauƙi sosai idan aka magance tushensa. Hoton ƙirji yana nuna ruwa, amma sikanin zuciya ne yake nuna nau'in ciwon. Idan asibitin dabbobi na kusa ba shi da na'urar, a tambayi asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri.

Mataki na farko: kada a bar asibiti ba tare da rubutu ba

A sayi ƙaramin littafin rubutu a keɓe shi don kyanwar kaɗai. A shafin farko a roƙi likita ya rubuta sunan kowane magani, da ƙarfin ƙwayarsa a miligiram, da kashin da za a ba ta, da lokutan bayarwa. A karɓi lambar da za a kira idan abu ya taso da dare. A tambaye shi adadin numfashin da idan ta kai za a kira shi, da ko ya yarda a ƙara mata maganin fitar da ruwa sau ɗaya a gida kafin a iso asibiti, da nawa ne ƙarin. Sannan a tsayar da ranar gwajin jini na farko, wanda galibi yakan kasance cikin mako ɗaya zuwa biyu da fara magani. Mutumin da hankalinsa ya tashi ba ya riƙe bayanin baki, shi ya sa nake nacewa a kan rubutu.

Mataki na biyu: ƙirga numfashinta tana barci

A ganina duk wani abin da za a yi a gida yana bayan wannan, domin shi ne yake nuna dawowar ruwa tun kwana ɗaya ko biyu kafin ido ya ga wahala. Ba ya bukatar komai sai agogo ko waya.

A jira har ta yi barci mai nauyi a wurin da babu zafi, ba a gaban rana ko kusa da murhu ba. Kada a taɓa ta, kada a kira sunanta, kada a ƙirga lokacin da take gurnanin jin daɗin nan da kyanwa kan yi idan ana shafa ta, domin yana rikita lissafi. Haka nan idan ana ganin ƙafafunta da gashin bakinta suna motsi alamar mafarki, a dakata har ta lafa. A zauna daga gefe a zuba ido a kan haƙarƙarinta ko gefen cikinta. Tashin ƙirji da saukarsa, su biyun a haɗe, numfashi ɗaya ne. Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne ƙirga tashi daban, sauka daban, sai lissafin ya ninka su firgita a banza. A ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka sau biyu, ko a ƙirga na minti ɗaya cur idan ana son tabbaci.

Kyanwar da magani yake riƙe da ita yadda ya kamata numfashinta a barci ba ya kai 30 a minti, kuma da yawa sukan tsaya a wajajen 20 da 'yan kai. Idan aka sami sama da 30, a jira kamar rabin awa a sake ƙirgawa. Idan har yanzu yana sama, a kira likita a ranar, kada a bari sai gobe. Idan ya kai 40 ko ya wuce, ko kuwa ana ganin cikinta yana turowa da ƙarfi a kowane numfashi, wannan na tafiya asibiti ne nan take.

Amma lambar 30 ba ita kaɗai ake kallo ba. Kowace kyanwa tana da adadin da ta saba, kuma a makon farko ake gano shi, idan aka ƙirga safe da dare aka rubuta. A ce tata ta saba da 22, sai littafi ya nuna 24 ranar Litinin, 26 ranar Talata, 29 ranar Laraba. Babu ranar da ta haura 30, amma mai lura ya ga inda aka dosa, kuma kiran waya ɗaya a ranar Larabar nan yana iya sa likita ya ɗan gyara maganin ta zauna a gida, maimakon a kwashe ta cikin dare ranar Juma'a. Bayan makonni biyu na farko, ƙirgawa sau ɗaya a rana ta wadatar, kuma ya fi kyau ya kasance a lokaci guda kullum. Idan ana shakkar abin da ido yake gani, a ɗauki bidiyon minti ɗaya da waya a tura wa likita ta WhatsApp. Ya kuma kamata a koya wa mutum na biyu a gidan, saboda ranar tafiya ko rashin lafiya.

Mataki na uku: magunguna

Ginshiƙin maganin shi ne furosemaid, wanda aka fi sani da Lasix. Aikinsa sa ƙoda ta fitar da ruwa ta fitsari, ta haka huhu yake bushewa. Galibi sau biyu ake bayarwa a rana, tsakaninsu kamar awa 12, kuma hanya mai sauƙi ta kiyaye wannan ita ce a ɗaura shi da abin da ba a mantawa, misali bayan sallar asuba da bayan magariba. Kada a daina shi don an ga ta warware tana tsalle. Warwarewar aikin maganin ne, kuma idan aka tsayar ruwan zai dawo. Ƙwayar Lasix ta mutane tana da ƙarfi ƙwarai idan aka kwatanta da jikin kyanwa mai kilo uku ko huɗu, don haka ɗan ɓangare ake ba ta. A roƙi likita ko mai kantin magani ya nuna yadda ake raba ta daidai, kuma duk lokacin da aka sayo sabon fakiti a duba miligiram ɗin da ke jiki, domin akwai mai 20 akwai mai 40, kuma girman ƙwaya ba ya nuna ƙarfinta. A sayi magani a kantin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ajiye shi inda haske da zafi ba sa kai wa.

Na biyu shi ne kulofidogirel, wato Plavix, mai rage haɗarin daskarewar jini. Abin da likitoci suka saba rubutawa kashi ɗaya cikin huɗu ne na ƙwaya mai miligiram 75, sau ɗaya a rana. Yana da ɗaci mai tsanani, kuma da zarar ɓangaren da aka fasa ya taɓa harshenta za ta yi ta dalalar da miyau da kumfa, ta tsani duk wanda ya nufo ta da magani. Dabarar ita ce a sa ɓangaren a cikin kafso marar komai, a ba ta shi a rufe. Idan aka ga baƙin kashi kamar kwalta, ko jini a fitsari ko a dasashi, a sanar da likita. Maganin yana rage haɗarin ne, ba ya kawar da shi gaba ɗaya.

Gwargwadon nau'in ciwon, likita yana iya ƙara fimobendan, wato Vetmedin, mai taimaka wa zuciya wajen bugawa, ko benazefiril, ko sifironolakton, ko ƙarin sinadarin fotasiyam, ko torin, ko maganin hawan jini. Ba kowace kyanwa ce kowannensu ya dace da ita ba, don haka maganin kyanwar maƙwabci ba abin aro ba ne.

Wajen bayarwa, a fara gwada hanya mafi sauƙi: a cusa ƙwayar a cikin ɗan dunƙulen dafaffen kifi ko nama marar gishiri wanda bai fi girman ƙwayar gyaɗa ba, a fara ba ta dunƙule ɗaya marar magani, sannan mai maganin, sannan wani marar magani a bayansa, tun kafin ta ci abincinta. Kada a niƙa magani a barbaɗa a kan dukan abincin, domin idan ta ji ɗaci za ta ƙaurace wa kwanon baki ɗaya, kuma ba za a san nawa ta sha ba. Idan dabarar ba ta ci ba, a naɗe ta da tawul a bar kai kawai a waje, a ɗora ta a cinya bayanta na jingine da jikin mai riƙon. A dafa kanta ta sama da hannu ɗaya, babban yatsa da manuni a kan ƙasusuwan kunci, a ɗaga hancinta sama a hankali har muƙamuƙin ƙasa ya saki. Da ɗaya hannun a danna haƙoran gaba na ƙasa, a jefa ƙwayar can ƙarshen harshe, a rufe bakin, a shafa maƙogwaro. Idan ta lashi hancinta, ta haɗiye. Sai a bi da ɗan ruwa, kamar mililita biyu zuwa uku, da sirinji marar allura ta gefen baki a hankali, domin busasshiyar ƙwaya tana iya maƙalewa a hanyar abinci ta yi mata rauni.

Idan ta fara kokawa har numfashinta ya ƙaru, a sake ta nan take, a bar ta ta huta, a sake gwadawa bayan rabin awa. Kokawa da kyanwa mai ciwon zuciya tana iya jefa ta cikin halin da ake gudu. Idan an manta lokaci ɗaya, a ba ta da zarar an tuna, sai dai idan lokaci na gaba ya kusa, to a tsallake. Ba a haɗa biyu wuri guda. Idan ta yi amai bayan shan magani, a tambayi likita kafin a sake ba ta.

Akwai magungunan da ba za su shiga bakinta ba ko da wasa. Farasitamol, wato Panadol da danginsa, guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Aibufurofen da dikulofenak suna lalata ƙoda da ciki, balle a haɗa su da Lasix. Allurar sitiroyid, irin deksametason da wasu masu duba dabbobi suke saurin yi wa kowace dabba marar lafiya, tana iya tara ruwa a jiki ta tayar da gazawar zuciya. Haka ma ƙarin ruwa, ko ta jijiya ko ta ƙarƙashin fata. Duk wanda zai yi mata wani magani a fara gaya masa cewa zuciyarta ta gaza, a nuna masa littafin. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe su ma a nesanta ta da su, domin hantar kyanwa ba ta sarrafa abubuwa da yawa da jikin mutum ko na akuya yake ɗauka.

Mataki na huɗu: ruwan sha da ƙoda

Wasu sukan yi tunanin tunda ruwa ne ya taru a ƙirji, a rage mata sha. Wannan kuskure ne mai haɗari. Lasix yana sa ta yawan fitsari da ƙishirwa, kuma hana ta ruwa ƙoda zai kashe. A ajiye mata ruwa mai tsafta a wuri biyu ko uku, a sauya shi kullum. A tanadi tiren yashi mai gajeren baki, wanda za ta riƙa fitsari da kashi a ciki, kusa da makwancinta, a riƙa kwashe shi fiye da da, kada kuma a hukunta ta idan fitsari ya kufce mata a wani wuri.

Jinyar nan tafiya ce tsakanin huhu da ƙoda: magani ya yi kaɗan huhu ya cika, ya yi yawa jiki ya bushe. Alamomin bushewa su ne dasashi ya zama busasshe mai danƙo, idanu su faɗa, fatar bayan wuya ta yi jinkirin komawa idan aka ɗaga ta, ga kasala da amai da ƙin abinci. Idan fotasiyam ya yi ƙasa kuma, tunda Lasix yana fitar da shi ta fitsari, za a ga rauni a jiki, wani lokaci wuyanta ya lanƙwashe, kai ya sunkuya ta kasa ɗaga shi. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a kira likita kafin lokacin Lasix na gaba. Saboda wannan ne gwajin jini na ƙoda da fotasiyam ya zama dole bayan fara magani da bayan duk wani sauyi a adadinsa.

Mataki na biyar: abinci

Ƙa'ida ta farko ita ce ta ci. Abinci mai ƙarancin gishiri yana da amfani, amma idan ta ƙi shi, gara a koma wa wanda ta saba. Kyanwa ba ta jure yunwa. Idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta ya jawo wani ciwon daban mai kisa. Idan ta yini ta kwana ba ta ci komai ba, a kira likita, domin ƙin abinci yana iya zama alamar ruwa ya dawo, ko ƙoda ta wahala, ko wani magani yana tayar mata da zuciya, kuma akwai maganin da yake buɗe cin abinci.

Abin da za a yanke gaba ɗaya shi ne kayan gishiri: kilishi, tsire, balangu mai yaji, busasshen kifi mai gishiri, kifin gwangwani, da duk miyar da aka sa wa Maggi ko kanwa, domin kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanye ne ko dafaffe. Madara da nono kuma suna sa manyan kyanwoyi da yawa zawo, zawo kuwa a kan Lasix bushewar jiki ce cikin sauri.

Idan ana da halin sayen cikakken abincin kyanwa na kanti, shi ya fi, musamman mai laima, tunda yana ɗauke da torin da ruwa. Abincin kare ba ya maye gurbinsa. Idan a gida ake dafa mata, a cire nata kafin a sa gishiri: naman cinyar kaza, zuciyar kaza ko ta rago, kifi marar ƙaya. A ba ta har da romon, saboda torin yana narkewa ya fita cikin ruwan dahuwa. Tsokar nama zalla ba ta cika dukan bukatar jikinta, don haka a nemi likita ya faɗi abin da za a ƙara. A ɗan ɗumama abincin don ƙamshinsa ya tashi, a ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana. Sau ɗaya a mako a auna nauyinta a kan sikeli ɗaya, a rubuta. Raguwa a hankali alamar naman jiki yana zubewa ne, ƙaruwa cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ciki kuma tana iya zama ruwa.

Mataki na shida: ɗaki mai sanyi da natsuwa

A tsare ta a cikin gida, domin a waje ba za a iya ƙirga numfashinta ba, kuma idan ciwo ya taso za ta ɓuya inda ba za a same ta ba. A haɗa mata makwanci da abinci da ruwa da yashi a wuri ɗaya a ƙasa, yadda ba sai ta hau bene ko katanga ba. Ba sai an hana ta wasa ba, ita kan san iyakarta, amma a daina sa ta gudu da tsalle da gangan, a kuma fahimtar da yara cewa ba a kora ta, ba a ɗaga ta ta ciki, ba a matse ta. Wanka a bar shi, a goge ta da ɗanyen ƙyalle idan ta ɓaci. Ranar suna ko biki a kai ta ɗakin da baƙi ba sa shiga.

A watannin bazara, lokacin da zafi yake kai digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, a bar ta ta kwanta a kan siminti ko tayil a ɗaki mafi sanyi, da fanka idan akwai wuta, ko a shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul kusa da ita. Da hunturu kuma a rufe tagogi saboda ƙura, a ba ta bargo da dare. Huhun da ke fama da ruwa ba ya ɗaukar hayaƙi: turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, fiya-fiya da sauran na fesawa, hayaƙin gawayi da na janareta da na sigari, duk a raba ta da su. Idan aka fesa wa ɗaki magani, kada ta koma sai iska ta wanke shi sarai.

Mataki na bakwai: abubuwa biyu da ba sa jira

Na farko shi ne toshewar numfashi. Kyanwa ba kasafai take haki da baki a buɗe kamar kare ba, don haka idan mai ciwon zuciya ta buɗe baki tana jan iska, ko ta durƙusa ta miƙe wuya ta ware gwiwoyin gaba ta kasa kwanciya, ko dasashinta da harshenta suka koma fari ko shuɗi-shuɗi, ko ta yanke jiki ta faɗi, to mintuna ake ƙirgawa. Kada a ɗura mata ruwa ko ƙwaya, kada a rungume ta, kada a kwantar da ita rigingine. A sa ta a hankali cikin akwatin ɗaukar kyanwa ko kwali mai huji da yawa, a kira asibiti a ce ana tafe don su shirya iskar oksijin, a tafi a mota mai iska, ba hayaniya. A can za a yi mata allurar Lasix, kuma idan ruwan a kewayen huhu yake, za a zuƙe shi da allura ta tsakanin haƙarƙari, abin da yakan kawo sauƙi cikin ɗan lokaci. Akwatin ya kamata ya zauna a buɗe a ɗakinta kullum da tsumma a ciki, don ta saba da shi tun kafin ranar bukata.

Na biyu shi ne toshewar babbar jijiyar da ke kai jini ƙafafun baya. Yana zuwa farat ɗaya: kyanwar da take tafiya lafiya sai ta ƙwala kuka, ta riƙa jan ƙafafun baya, ɗaya ko duka biyun. Idan aka taɓa ƙafar za a ji ta yi sanyi, tafinta ya dusashe ko ya yi shuɗi, naman sharaɓar ya yi tauri. Mutane sukan ɗauka karaya ce ko faɗuwa ta yi ko wani ya doke ta. Kada a murza ƙafar, kada a gasa ta da ruwan zafi, kada a shafa man zafi, kada a ɗaure ta. Ciwon yana da zafi mai tsanani, har kyanwa mai sanyin hali tana iya cizo, don haka a ɗauke ta da tawul a kai ta asibiti nan take, inda abu na farko shi ne maganin kashe zafi mai ƙarfi. Wasu suna dawo da tafiya cikin kwanaki ko makonni, musamman idan ƙafa ɗaya ce, amma da yawa ba sa tsallakewa, kuma yana iya maimaituwa.

Idan magani ya fara gazawa

Bayan gazawar zuciya ta bayyana, wasu kyanwoyi makonni suke yi, da yawa watanni, wasu kuma su haura shekara suna cikin jin daɗi. A ci gaba da kai ta dubawa a ranakun da likita ya tsayar ko da tana lafiya, a tafi da littafin, kuma idan tafiyar tana firgita ta ƙwarai a tambaya ko za a ba ta maganin kwantar da hankali kafin a fito. Idan ruwa ya fara dawowa duk da ƙarin Lasix, likita yana da sauran dabaru, kamar sauya shi da torasemaid mai ƙarfi ko haɗa shi da wani.

A wannan lokaci a ƙara layi ɗaya a littafin: kowace rana a rubuta ko ta ci da kanta, ko ta gyara gashinta, ko ta iya kwanciya a gefenta ta yi barci, ko ta fito ta tarbi mutanen gida. Mai ƙaunar dabba yakan riƙe ranar da ta yi kyau ya manta ukun da suka gabace ta, rubutun ne yake nuna masa gaskiyar makon. Idan ranakun wahala suka rinjayi na sauƙi, ko aka zuƙe ruwa ya dawo cikin 'yan kwanaki, a zauna da likita a yi magana a fili a kan abin da ya rage, har da allurar da take kawo ƙarshen wahalar dabba ba tare da zafi ba. Wanda yake da damuwa ta addini a kan wannan ya tambayi malamin da ya amince da shi tun tana da sauƙi, kada ya bari sai daren da take fafutukar numfashi. Wanda kuma ya zaɓi ya ci gaba da jinya a gida, ya nemi likita ya tanadar masa maganin rage zafi da na kwantar da hankali, ya rubuta masa yadda zai ba ta da lambar da zai kira idan dare ya yi.